Night Sins ko Guilty as Sin: wanne ya fi, kuma da wanne za a fara?

'Yar'uwa, kin ce kin ci karo da littattafan Tami Hoag guda biyu, Night Sins da Guilty as Sin, wajen mai sayar da tsofaffin littattafai, kuɗin ɗaya kaɗai ke hannunki, kuma da kika nemi shawara sai aka raba miki hankali biyu. Wasu sun ce na farkon shi ne littafi, wasu sun ce jan rai ne kawai a cikinsa, ki ɗauki na biyu. Kin kuma tambaya ko da gaske ne soyayyar da aka saka ta ɓata labarin. Na karanta duka biyun, kuma ina da ɓangaren da na fi karkata, amma bari in shimfiɗa miki su gefe da gefe ki gani da idonki.

Da farko ki sani cewa labari ɗaya ne aka raba shi biyu. Night Sins ya fito a 1995, Guilty as Sin ya biyo baya a 1996, kuma na biyun ya ɗora ne daidai daga inda na farko ya tsaya, a gari ɗaya, cikin hunturu ɗaya. Garin shi ne Deer Lake, wani ƙaramin gari da marubuciyar ta ƙirƙira a jihar Minesota ta arewacin Amurka. Ba zan faɗa miki wanda aka kama ba, ba kuma zan faɗa miki makomar yaron ba. Abin da zan taɓa daga na biyun ba zai ƙona miki sirrin labarin ba.

Night Sins littafin nema ne. Yaro ɗan shekara 8, Josh Kirkwood, ya gama wasan hoki na kan ƙanƙara yana jiran a zo a ɗauke shi. Mahaifiyarsa, Hannah, likita ce, aikin gaggawa ya riƙe ta a asibiti ta makara. Kafin ta iso yaro ya ɓace, sai jakarsa da wata 'yar takarda mai ɗauke da baƙar magana. Ba a nemi kuɗin fansa ba. Wanda ya yi abin wasa yake da hankalin gari, yana ajiye alamu a inda yake so a gani. Masu binciken biyu ne: Mitch Holt, shugaban 'yan sandan garin, wanda ya baro Miyami bayan an kashe masa mata da ɗa, ya zo da 'yarsa ƙarama yana neman wurin da babu tashin hankali, da Megan O'Malley, jami'ar hukumar binciken manyan laifuka ta jihar, mace ta farko da aka tura irin wannan aiki a fili, tana fama da ciwon kai mai tsanani da take ɓoyewa don kada maza su samu abin kamawa. A saman babi ana rubuta rana ta nawa ce da ɓacewar yaron, da ƙarfe nawa, da ma'aunin sanyi. Ƙaramar dabara ce amma tana aiki ƙwarai, domin duk lokacin da kika ga sanyi ya ƙara sauka sai gabanki ya faɗi, ki tuna akwai yaro a wani wuri.

Guilty as Sin kuwa littafin shari'a ne. An riga an kama mutum, mai mutunci ne a gari, irin wanda ake nuna wa yara a ce su yi koyi da shi. Yana tsare sai aka sake sace wani yaron, gari ya rabu, da yawa suka ce to ai ga shi nan, an kama marar laifi. Jarumar a nan ita ce Ellen North, lauyar gwamnati, wadda ita ma ta gudo daga birnin Miniyapolis don ta huta da ganin mugunta. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma, Tony Costello, tsohon saurayinta ne, gwanin iya baki da son kyamara. Sai kuma Jay Butler Brooks, marubucin da ya yi arziki da mayar da bala'in mutane littafi, wanda ya sauka garin don ya samu na gaba. Shi ne aka haɗa ta soyayya da shi.

To a ina masu karatu suka rabu? Wuri uku ne ake yawan jin ƙorafi ko yabo, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi shi ne maganar ƙarshen littafin farko. Masu jin haushin Night Sins sukan ce sun sha wahalar littafi mai kauri, suka kai shafin ƙarshe, aka bar su da tambayoyi a hannu. Gaskiya ne, ba a warware komai da komai ba. Amma mu da muka tashi da littattafan Hausa na ɗaya da na biyu da na uku, inda marubuciya kan yanke labari a tsakiyar tashin hankali ta ce mu haɗu a littafi na gaba, wannan ba zai dame mu ba. Abin da ya fusata masu karatun can shi ne ba su shiga da sanin cewa akwai ci gaba ba. Ke kuwa yanzu kin sani.

Na biyu shi ne saurin tafiya. A nan masu goyon bayan Guilty as Sin suna da hujja. Na farkon yana da ja. Marubuciyar kan maimaita abin da ke ran Megan da abin da ke ran Mitch har ki haddace, ta kan tsaya kan rigimar iko tsakanin 'yan sandan gari da shugaban 'yan sandan gunduma mai son a gan shi a talabijin. Na biyun ya fi ɗaurewa, domin kotu tana da ranakunta, kowane zama da abin da za a ci ko a rasa. Idan kina son gardamar lauyoyi, yadda ake karya shaida, yadda abin da kowa ya sani a zuciyarsa kan kasa tsayawa a gaban alƙali, za ki fi jin daɗin na biyu. Sai dai ni ban yarda duk jan na farkon aibi ba ne. Jira shi ne ainihin azabar iyalin da aka sace wa yaro. Kwanaki suna wucewa, masu sa kai suna buga hoton yaro suna liƙawa, ana bin daji cikin ƙanƙara, waya ta yi ƙara kowa ya zabura. Littafin da zai nuna wannan da gaske dole ya sa mai karatu ya ɗanɗani jiran.

Akwai abin da ya sa wannan ɓangaren ya kama mutanen can sosai. A watan Oktoba na 1989 wani mutum da bindiga, fuskarsa a rufe, ya tare yara uku a kan kekuna a ƙaramin garin St. Joseph na jihar Minesota, ya tafi da ɗayansu, Jacob Wetterling, ɗan shekara 11. Sai a 2016, bayan shekara 27, wanda ya kashe shi ya amsa laifi ya nuna inda ya binne shi. Mahaifiyarsa, Patty, ta zama mai fafutuka, har a 1994 aka yi dokar tarayya da sunan yaron wadda ta sa jihohi su riƙa ajiye rajistar masu laifin lalata da yara. Ke nan lokacin da Night Sins ya fito, jihar da aka kafa labarin a cikinta tana da yaronta na gaske da ba a gani ba, kuma marubuciyar a jihar ta girma. Tsarin nan na yaɗa sanarwar ɓacewar yaro cikin gaggawa da ake kira Amber ma bai samu ba sai daga 1996. Shi ya sa za ki ga binciken cikin littafin ya dogara da ƙafa da takarda da wayar gida. Matasan masu karatu kan ce ya tsufa. A wurina wannan ne ya ƙara masa tsoro.

Sai babbar maganar, wadda kika tambaya, soyayya. Tami Hoag da littattafan soyayya zalla ta fara sana'arta a ƙarshen shekarun 1980, kuma waɗannan biyun suna cikin waɗanda ta rubuta tana ƙaura zuwa labarin laifi. Za ki ga ɗinkin a fili. Masu son labarin bincike sukan ce ta yaya yaro yana hannun azzalumi, jami'an da ke nemansa su samu sukunin kallon juna? Masu son soyayya su ce ai mutanen da suke kwana suna tashi cikin fargaba ɗaya dole su nemi wurin jingina, kuma in babu wannan ɗan sararin littafin zai yi duhun da ba za a iya karantawa ba.

Ra'ayina ya sha bamban a kan kowane littafi. A Night Sins mutanen biyu sun dace da juna. Mitch ya san ɗacin rasa ɗa, don haka neman Josh a wurinsa ya wuce aiki. Megan ta taso babu ɗumin uwa, ga uba da bai taɓa yaba mata ba, ta kuma ɗaure wa kanta dokar ba za ta nemi ɗan sanda ba don kare sunanta. Na yarda da kusancinsu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne lokacinsa. Akwai wuraren da za a fito daga gidan uwar da ke kuka, a shiga shafuka na sha'awa, ni kuma zuciyata tana can wajen yaron. Na riƙa tsallakewa, kuma ban ga na rasa komai na labarin ba. A Guilty as Sin abin ya juya. Lokacin bai ƙona rai kamar na farko ba, domin yawancin faɗan a ofis da kotu ake yinsa, amma mutumin ne matsala. Jay ya shigo gari ne don ya ci riba da hawayen wani gida, yana kutsa kai inda ba a gayyace shi ba, yana matsa wa Ellen bayan ta nuna ba ta so. An ba shi nasa ciwon daga baya don mu tausaya masa, wasu masu karatu kuma sun tausaya. Ni dai har na rufe littafin ban ga abin da mace mai kaifin hankali irin Ellen ta gani a wurinsa ba.

Abin da ya sa na fifita na farko, duk da jansa, ba masoyan ba ne. Hannah ce. Ita ce mutum mafi rai a littattafan biyu. Mace ce da gari ke alfahari da ita, ta makara sau ɗaya saboda tana ceton ran wani, sai duniyarta ta rushe. Mijinta Paul, wanda dama yake jin zafin ta fi shi ɗaukaka, ya ɗora mata laifin gaba ɗaya, alhali shi a daren yana wajen wata matar. Yadda auren nan yake rugujewa a gaban idon maƙwabta masu kawo abinci da jaje, da yadda limamin cocin garin, Fada Tom, ya zama shi kaɗai ne mai saurarenta har zuciyarsa ta fara zuwa inda alkawarinsa na rashin aure ya hana, wannan ya fi duk soyayyar jaruman taɓa ni. Duk macen da ta taɓa barin ɗanta ta tafi aiki da zullumi a ranta za ta gane Hannah tun shafukan farko. Akwai kuma mai kula da filin wasan, wani bawan Allah da kowa ke ƙyama, mai tsohon laifi a bayansa, wanda gari ya yanke wa hukunci tun kafin a gama bincike. Marubuciyar ba ta wanke shi ba, amma ta nuna yadda jama'a in sun firgita suke neman wanda ya yi kama da mugu su huce a kansa.

Shi kuma na biyun ƙarfinsa yana ɗaya gefen wannan maganar: yadda gari kan ƙi yarda cewa mai kyan suna zai aikata. Ana yi wa wanda ake tuhuma zanga-zangar goyon baya, ana zagin lauyar da ke neman haƙƙin yaro. Wannan ɓangaren ya yi mini nauyi, domin ban iya karanta shi ba tare da tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 ta Kano ba, wadda a farkon 2022 aka gano mai makarantarsu ne ya sace ta ya kashe ta, Allah Ya jiƙanta. Idan kina da irin wannan raunin a kusa, ki yi la'akari kafin ki buɗe ko wanne daga cikinsu.

Wani abu da ya kamata in faɗa miki tunda ban san wa zai ɗauki littafin bayanki a gida ba: duka biyun suna da shafukan kwanciya a bayyane, da zagi, da duka mai muni da aka yi wa mace a kusa da ƙarshen na farko. Ba na barin yara ba ne a kan tebur. An kuma mayar da Night Sins fim ɗin talabijin a 1997, da Valerie Bertinelli da Harry Hamlin, amma kada ki fara da shi, zai ƙona miki sirrin.

Don haka da kuɗin littafi ɗaya, Night Sins za ki saya. In kika fara da Guilty as Sin, tun babukan farko za a faɗa miki wanda aka kama da abin da ya samu Josh da Megan, kin ga na farkon ya mutu a hannunki ke nan, kuma ba za ki ji zafin shari'ar yadda ya kamata ba tunda ba ki zauna da Hannah a kwanakin jira ba. Ki roƙi mai littafin ya ajiye miki na biyun, in da hali ki ba shi kafin alƙalami, domin ranar da kika gama na farko za ki neme shi.