Shafin gilashin lens, MgF2 mai falle ɗaya ko mai falle-falle: wanne za a sa wa kyamarar rana da dare?

Malam, ka tambayi wane shafin rage mayar da haske ya dace da gilashinka: tunda kyamarar taka da hasken da ido ke gani take aiki da rana, da dare kuma da fitilar infared (hasken da ido ba ya gani) mai tsawon zango nanomita 850, ɗauki gilashi mai shafi falle-falle wanda aka ƙera don zangon nanomita 400 zuwa 1000. A kundin masu sayarwa VIS-NIR ake rubuta masa. Kar ka ɗauki wanda ya tsaya a 700, iyakar hasken da ido ke gani, ko da ya fi tsada.

Gilashin BK7, wato gilashin lens na gama-gari, in ba a shafa masa komai ba, kowace fuskarsa tana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na hasken da ya faɗo mata. Idan lens ɗinka gilasai shida ne, fuska 12 ke nan, abin da zai isa ga sensa, wato na'urar da ke ɗaukar hoton, kusan kashi 60 ne kawai. Kuma ragowar ba ɓacewa yake yi ba, kai-komo yake tsakanin gilasan, shi ne ke jawo hazo da tagwayen fitilu a hoton dare.

Mai falle-falle aikin ƙwararru ne. Ana jera sinadari mai ƙarfin lanƙwasa haske, kamar TiO2 ko Ta2O5, da mai rauni, kamar SiO2 ko MgF2 (magnesium fluoride), ɗaya bisa ɗaya, kaurin kowanne an auna shi da nanomita, ta yadda hasken da ke dawowa daga wannan falle zai kashe wanda ke dawowa daga wancan. Wanda aka yi don 400 zuwa 700 yakan sauko da abin da ke dawowa ƙasa da rabin kashi ɗaya. A waɗancan fuskoki 12, kashi 94 na hasken zai wuce. Amma wayonsa a cikin zangonsa kaɗai yake. Da ka haura 700 sai hasken da ke dawowa ya fara ƙaruwa da sauri, can gaba ma yakan zarce na gilashin da ba shafi. Shi ya sa za ka ga kyamara tangaran da rana, dare na yi hoto ya dusashe, a yi ta zargin sensa. Mai faɗin zango kuwa yakan tsaya wajen kashi 1 a yawancin zangon, ya ɗan gaza wancan da rana, ya fi shi nesa ba kusa ba da dare.

MgF2 falle ɗaya ne, kaurinsa kusan nanomita 100, yana mayar da kashi 1.3 a 550, kusan kashi 2 a 850. Yana da arha, yana da juriya, kuma ba zai taɓa fin gilashi tsirara muni ba. Yabonsa ke nan. Sai dai in tagar gaban kyamarar ta safaya ce (dutse mai tauri garau da ake sawa a madadin gilashi), nan yakan yi abin a zo a gani.

Ka lura da kusurwa. Shafin da aka ƙera don haske ya faɗo a miƙe, in ka karkata gilashin zuwa digiri 45, zangonsa yana zamewa wajen shuɗi, wato wajen ƙananan lambobi, gefen 850 ɗin da kake buƙata shi zai fara lalacewa. Ka faɗa wa masu sayarwa kusurwar tun wajen oda.

In kuma wata rana ka koma kyamarar zafin jiki, ta maikuromita 8 zuwa 12, duk wannan magana ta faɗi, don gilashi ba ya barin wannan hasken ya wuce. Jamaniyum ake sawa, wani sinadari mai kama da ƙarfe da wannan hasken ke ratsawa, shi kuma kowace fuskarsa kashi 36 take mayarwa, abin da ke ratsa shi ba shafi bai kai rabi ba. Fuskar da ke waje ana yi mata shafin kabon mai taurin lu'ulu'u saboda ƙura da ruwa.

Hattara da masu sayarwa marasa amana. Launin kore ko shunayya da ke walƙiya a fuskar gilashi ba shaida ba ce, akwai masu yin shafi don ado kawai, musamman jan nan mai ƙyalli na tabaran hangen nesa masu arha. Wasu kuma fuskar waje kaɗai suke shafawa. Ka nemi jadawalin da ke nuna kason hasken da ke dawowa a kowane zango, ka duba 850 da idonka, ka tambaya ko fuska biyu aka shafa. Wanda ya fara kame-kame, bar masa kayansa.

In ya iso, fara hure ƙura da 'yar roba mai busa iska, sannan takardar goge lens da ɗigon isopropil (sinadarin goge-goge mai saurin bushewa), shafa ɗaya ka yar da takardar. Ban da bakin riga.