Filin wasan unguwarmu a Amurka: saƙo zuwa Yamai

Yaya, ina gaisuwa, a gaida Inna da yara. Ka ga hoton su Nana a kan lilo, kana tambaya ko gidan wani attajiri muka je. A'a, filin unguwa ne, bayan gidanmu kaɗan.

Garin da muke sunansa Kolombiya, a jihar Meriland, tsakanin Baltimo da Washinton. Ba tsohon gari ba ne. Wani mai harkar gine-gine, James Rouse, shi ya buɗe shi a 1967, aka raba shi unguwanni 10. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tun kafin a sayar da farsel aka ware wurin itatuwa, da hanyar ƙafa, da filin yara, aka kuma haƙa tafkuna kamar Kittamaqundi. Yaro zai iya tafiya lakwal ta cikin itatuwa, da wuya ya haɗu da mota.

Ƙarƙashin lilon ba ƙasa ba ce. Ɓarzajjen katako suka zuba mai kauri, yaro ya faɗo ya tashi ya kakkaɓe wando. A gefen hanya kuma akwai wani ɗan akwati cike da leda, don mai kare ya kwashe kashin karensa da hannunsa. Ranar da na fara gani, dariya ta kusa kashe ni.

Amma kada ka ce sadaka ce. Duk mai gida yana biyan ƙungiyar garin kuɗi kowace shekara, ban da lanho, mu 'yan haya kuwa a cikin kuɗin haya ake cusa mana. Da shi ake yankan ciyawa, ake gyara abin da ya karye. Wurin iyo ma sai da kati, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba kawai yake aiki. In sanyi ya kama, ko kare sai an ja shi. Rumfar taro kuwa, in za mu yi cin naman Sallah, sai an kama ta tun da wuri an biya. Ba a shimfiɗa tabarma a hura gawayin shayi har tsakar dare kamar fadarmu. Rana na faɗuwa kowa ya watse.

Mu ma ai ba dabarar muka rasa ba. Tun 1965 aka fara dasa dogon yaron da ya kewaye Yamai, ka san yadda gidaje da bola suka yi ta cinsa. Yaranmu sai gidan tarihi na Boubou Hama ranar Sallah, sauran kwanaki balo a tsakiyar titi, ana kauce wa kabu-kabu.

Wannan filin na bayan masallacinmu, inda su Sani ke buga balo, yana nan kuwa? In ba a kafa masa borni ba, ku tara dattawan kartiye ku je meri a rubuta shi. Kuɗin raga da ƙarfen gola ni zan aiko.