Makonni Shida a Ajin Nazarin Waƙa na WhatsApp

Naira dubu biyar na biya na shiga ajin, kuma ba don adon harshe na shiga ba. Na daɗe ina rubuta waƙa ina sakawa a Facebook, amma duk ranar da na ce bari in rera, sai wani ɗango, wato layin waƙa, ya maƙale mini a maƙogwaro, na kasa gane dalili. Wannan ciwon ne na kai wa malamin.

Makonni biyu na farko sun tafi ne a kan kalmomin nazari: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, sannan adon harshe. Nan ne ajin ya fi rauni. Malam yakan turo dogon rubutu, kamance kaza ne, siffantawa kaza ce, ga mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa waɗanda ya tara a ƙarƙashin jinsintarwa, ga kambamawa, ga alamtarwa. Duk daidai ne, amma abu ne da ɗalibin sakandare mai shirin NECO zai iya haddacewa cikin dare ɗaya. Sau ɗaya kawai darasin ya yi rai, ranar da wata 'yar ajinmu ta rubuta "mahaifiyata kamar rijiya take", malam ya ce mata ta cire "kamar" ta sake karantawa. "Mahaifiyata rijiya ce." A nan kowa ya ji da kunnensa bambancin kamance da siffantawa, ya ji yadda ta biyun ta fi nauyi. Da haka aka koyar da sauran, da ban yi ƙorafi ba.

Mako na uku muka shiga karin waƙa, kuma daga nan kuɗina suka fara biyan kansu. Malam ya daina rubutu, ya koma saƙon murya. Ya fara da tarihi a taƙaice: Khalil bin Ahmad na Basra ne ya tsara ilimin aruli, wato awon waƙar Larabci, da karuruwa 15, daga baya Akhfash ya ƙara Mutadarik suka zama 16, kuma ta hannun malaman addini wannan awo ya shigo rubutacciyar waƙar Hausa. Sai ya ajiye tarihin ya ce mu rarraba kalma gaɓa-gaɓa, mu ware mai nauyi da marar nauyi. A nan na gano matsalata. Rubutun boko ba ya nuna dogon wasali, don haka ni da ido nake auna ɗangona, ina ƙirga gaɓoɓi kamar duk nauyinsu ɗaya. Kalmar "mutane" gaɓa uku ce, "talaka" ma uku ce, amma ta farko gajeriya ɗaya ce da dogaye biyu, wato ma'aunin da ake kira fa'uulun cif, ta biyun kuwa gajeru ne zalla. Shekara da shekaru ina musanya irin waɗannan kalmomi ban sani ba.

Aikin gida na makon shi ne kowa ya kawo ɗango ɗaya a karin Mutaƙarab, ya rera shi da bakinsa, ba a karɓar rubutu. Kwana biyu na yi kafin na samu "Manoma suna can cikin gonakinsu". Fa'uulun huɗu a jere, karin Mutaƙarab ke nan. Da na tura, malam ya amsa da murya: "Madalla, Malama, yanzu kunnenki ya buɗe. Ki ƙara ɗango na biyu, kada ki duba takarda." Har yau ban goge wannan saƙon ba.

Sauran makonnin sun taɓo tsarin baiti, daga gwauruwa mai ɗango ɗaya da 'yar tagwai zuwa ƙwar biyar, da bambancin babban amsa-amo mai rufe kowane baiti da ƙaramin da ke cikin ɗangogi. Bayanin tahamisi ya burge ni, yadda wani sha'iri zai ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu na wani, ba tare da ya karya karinsa ba. Zihafi da illa kuwa, wato sauye-sauyen da ake yarda a yi wa awon kari, an ruga da su a guje cikin darasi ɗaya, kuma yawancinmu ba mu kama ba.

Abin da ya fi damuna shi ne waƙar baka. Tallar ajin ta ce "waƙar Hausa", amma ba a ce uffan ba a kan jagora da 'yan amshi, ko yadda kiɗan kalangu da kotso ke ɗaukar kari. Na tambaya sau biyu, aka ce sai zango na gaba. Kuma mu fiye da tamanin ne a zaure ɗaya, gyaran aikin mutum yakan kai kwana huɗu bai dawo ba.

Wanda kalmomin jarrabawa kaɗai yake nema, ya riƙe kuɗinsa, littafin makaranta ya ishe shi. Wanda kuma yake rubuta waƙa tana yi masa tuntuɓe a baki, ya shiga, ya daure wa makonni biyun farko, ya tanadi data mai yawa don saƙonnin murya. Ni dai na riga na sa sunana a zango na biyu, saboda alƙawarin waƙar bakan nan.