Kafin ka cike fom ɗin JAMB: jami'ar da ke kula da muhalli da maƙwabta

Yau da wuya ka buɗe kundin tsare-tsaren wata jami'a ba ka tarar da alkawarin kare muhalli da yi wa al'umma hidima ba. A takarda duk ɗaya suke. In kai mai sha'awar noma ne ko harkar muhalli, sai ka ɗan tona kafin ka zaɓa.

Akwai ma'aunai na duniya. Tun 2019 mujallar Times Higher Education ke jera jami'o'i bisa muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuwa GreenMetric ta Jami'ar Indonesiya ta faro tun 2010, tana duba wuta, ruwa, shara da sufuri. Sai dai jami'a ce ke shigar da kanta, ita ke kuma miƙa bayanan. Mai talla ba ya kushe hajarsa. Rashin ganin suna a jerin ba ya nufin ba a yin komai.

Ni na fi duba abin da ya fita ƙofar makaranta. A nan ABU Zariya ta yi fice, albarkacin cibiyar binciken noma ta Samaru. Irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da manoma ke shukawa daga can suka fito, har da waken nan mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanso, wanda aka saki a 2019. Wannan hidima ce da ake iya aunawa da kwano a kasuwar ƙauye. Ga kuma NAERLS, wata cibiyar da ke ABU ɗin, da ke kai wa manoma dabaru.

BUK tana da cibiyar noman busassun yankuna, da tashar wutar sola mai megawat 7.1 da aka ƙaddamar a 2019. Tambayi ɗan makarantar awa nawa suke samun wuta a ɗakin kwana, shi zai gaya maka gaskiya.

AUN, wato Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, ita kuwa tana sa ɗalibanta aikin al'umma a cikin karatu, kuma ta ciyar da 'yan gudun hijira a 2014. Amma mai zaman kanta ce, kuɗinta ba na kowane aljihu ba ne. Ku zauna da Baba ku yi lissafin shekara huɗu tukuna.