BioAmp EXG Pill: tana kama juyin ido, ba ta riƙe inda ya tsaya

Tsakanin gaban ƙwayar ido da bayanta akwai ɗan bambancin lantarki da bai cika wuce milibolt 1 ba. Duk sanda ido ya juya, fatar da ke gefensa na ɗaukar sauyin. Wannan sauyin ne BioAmp EXG Pill, ta kamfanin Upside Down Labs na Indiya, ke kamawa ta ƙara masa ƙarfi. Allon lantarki ne da tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, an gina shi kan TL074 (ɗan guntun lantarki mai ƙara ƙarfin sigina), yana aiki da bolt 5 na Arduino, ƙaramin allon kwamfuta da ke karanta siginar.

Haɗin bai da wuya: wayar wuta, wayar ƙasa (GND), sai wayar sigina zuwa A0, ƙofar shigar sigina a jikin Arduino. Manne uku masu ɗaukar lantarki ake liƙawa a fata. Don duban dama da hagu, biyu a gefen idanu ta waje, na uku a ƙashin bayan kunne. Don sama da ƙasa da ƙiftawa, ɗaya bisa gira, ɗaya ƙarƙashin ido, na uku yana nan bayan kunne. Tasha ɗaya gare ta, wato sigina ɗaya take kamawa a lokaci guda, mai son duka biyun sai ya sayi allo biyu.

A ƙiftawa da saurin juya ido ba ta da laifi, siginar na fitowa fes. Amma a zuba wa abu ido a tsaya, sai layin siginar da ake gani a kwamfuta ya sulalo ya koma tsakiya, alhali idon bai motsa ba. Ba lalacewa ba ce. Matatar da ke cikinta ce ke zubar da sauyi mai tafiyar hawainiya, don kada zufa da zaman manne a fata su ja siginar ta ɓace. Ga shi ƙarfin lantarkin idon kansa na sauyawa in an fita daga haske zuwa duhu. Mai neman sanin takamaiman wurin da ake kallo a fuskar kwamfuta, kyamara ce tasa.

Yawancin ƙorafin hayaniya a cikin sigina daga fata yake. A goge maiƙo da auduga da sifirit, a liƙa sabon manne mai jel, a ba shi mintuna kaɗan ya zauna. In layin na rawa, a zare cajar laftof, domin wutar gida mai bugu 50 a daƙiƙa na kutsowa ta nan. Aiki da batir ya fi aminci ma, tunda wayoyin a fuska suke. Cije haƙora ko ɗaga gira kan haifar da tsalle mai kama da ƙiftawa.