Corolla 2003 zuwa 2008: sauƙin shan manta gaskiya ne, in ba a riga an cire mata shi a gareji ba

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, tambayar farko da mai neman mota ke yi wa dillali ta sauya. Da can sanyin esi da ƙyallin fenti ake dubawa, yanzu kuwa "yaya shan manta?" ake fara ji. Amsar da aka fi bayarwa daga Kano har Abuja ita ce Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, kuma ba a banza ta yi suna ba. Sai dai ƙaramar cikinsu ta haura shekara 15, ta bi ta hannun mutane da yawa, ta kwana a gareji iri-iri. Sauƙin shan man da ake yabonta da shi yana rataye ne a kan wasu 'yan ƙananan kayayyaki da bakanikanmu suka saba cirewa su jefar.

Wadda ake nufi a nan ita ce 'yar Amurka da Kanada, mai inji 1ZZ-FE, lita 1.8, silinda huɗu. Akwai 'yar Turai mai inji 1.4 ko 1.6, jikinta da wasu kayanta daban ne. Ta Amurkan tana zuwa da CE, LE ko S, duk inji ɗaya, bambancin na kwalliya ne da kayan ciki. Akwai XRS ta 2005 da 2006, ita injinta daban ne, na gudu, mai neman mai na musamman. Mai lissafin kuɗin fetur ya wuce ta kawai. Ita mai 1ZZ-FE ɗin, tankinta lita 50 ne. Giyar atomatik ɗinta huɗu ce, ta hannu biyar.

Hukumar kare muhalli ta Amurka, a ma'auninta na 2008, ta ba mai atomatik mil 26 a galan cikin gari da 35 a babban titi. A lissafinmu, kusan kilomita 11 ke nan a lita cikin gari, kusan 15 a doguwar tafiya. Mai giyar hannu ta ɗan ɗara haka. Cunkoson Kano da esi a kunne tsakiyar watan Afrilu zai rage adadin cikin gari, babu makawa. Amma a hanya, daga Kano zuwa Kaduna, wajen kilomita 230, lafiyayyiya bai kamata ta wuce lita 16 zuwa 18 ba in direba bai matsa mata ba. Wadda ta sha 25 a wannan tafiyar tana da ciwo, komai kyan jikinta.

Ciwon da ya fi yawa shi ne cire tamostat. An daɗe ana yaɗa cewa motar ƙasar sanyi ce, a nan ba ta buƙatarsa, don haka da ta sauka sai a zare shi a kuma haɗa fanka kai tsaye, ta riƙa juyawa daga tayar da mota har kashe ta. Tamostat ɗin wannan injin yana buɗewa ne a wajen digiri 82. Aikinsa ya tsare ruwa cikin inji har ya ɗumama. Kwamfutar motar, wadda bakanikai ke kira burenbos, tana duba zafin ruwan nan kafin ta yanke yawan man da nozul za su fesa. Muddin ta ga injin da sanyi, mai da yawa za ta ci gaba da turawa, don a wurinta yanzu aka tayar da motar. Ragowar man da bai ƙone ba yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsinka na ƙasa, ya baƙanta filogi. A hunturu abin ya fi muni, allurar zafi sai ta wuni a ƙasa. Wanda ya cire tamostat don maganin zafin inji bai gyara komai ba. Abin da ya kawo zafin, ko lagireto ne ya toshe da tsatsar ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya gaji, ko murfin lagireto ya daina riƙe iska, yana nan inda yake.

Gane wannan ba wuya. Ka je ganin motar da safe, ka roƙa kada a tayar da ita kafin ka iso, ka taɓa injin da hannunka ka tabbatar. Ka kashe esi, ka tayar. In fanka ta kama juyawa nan take, an haɗa ta kai tsaye. Ka riƙe babban tiyon lagireto na sama: a lafiyayyiyar mota zai jima bai yi zafi sosai ba, sai tamostat ya buɗe sannan ya ɗauka. Allurar zafi ta hau zuwa ƙasa da tsakiya kaɗan cikin 'yan mintuna ta tsaya cak, ba ta sauka in an hau titi ba.

Na biyu shi ne indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ana sace shi ko a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa, a walda bututu a gurbinsa. A nan akan yi ƙarin gishiri. Rashin indomi shi kaɗai ba ya ninka shan mai, domin sensar da ke gabansa ce ta fi iko da haɗin mai da iska. Ɓarnar tana zuwa ne ta gefe: wajen yankan salansar akan lalata sensa ko a tsinke wayarta, fitilar gargaɗin inji ta kama ta ƙi mutuwa, daga nan sai a kai wa mai wayarin ya kashe ƙwan ko ya manna masa baƙin tef. Shi ke nan motar ta rasa bakin faɗin abin da ke damunta. Saboda haka ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka duba ko fitilar mai hoton inji ta kama. Dole ta kama, sannan ta mutu bayan an tayar. Ka kuma leƙa ƙasan motar ka nemi sabon walda a bututun hayaƙi kusa da inji. A lura, sensar gaba ta 2005 zuwa sama ba irin ta 2003 da 2004 ba ce. In an sa wadda ba tata ba, motar za ta tashi ta yi tafiya, amma lissafin man ya karkace.

Kada a biya kuɗin mota irin wannan ba a jona mata na'urar bincike ba. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari ta hagun direba. Lambobin da aka fi gani: P0420 na indomi ne, P0128 na tamostat, P0301 zuwa P0304 na silindar da ke ɓata wuta, P0741 na giya ce da ba ta kullewa yadda ya kamata a gudu, wanda shi ma yana ƙara shan mai a doguwar hanya. Wadda ta fi shahara a wannan injin ita ce P0171, ma'ana iska ta yi wa mai yawa. Sababi biyu ne galibi. Ko gasket ɗin robar da ke tsakanin bututun shigar iska da kan inji ya bushe yana zuƙar iska ta gefe, musamman da sanyin safiya, ko sensar auna iska da ke bayan akwatin matatar iska ta yi ƙura. Duka biyun gyaran araha ne. Sensar ana fesa mata maganin wankinta na musamman a bar ta ta bushe. Ba a taɓa siririyar wayar cikinta da hannu, ba a wanke ta da fetur. A kan na'urar ka nemi a nuna maka adadin gyaran man da kwamfuta ke yi na dogon lokaci: in ya wuce kashi 10 cikin ɗari sama ko ƙasa, akwai abin da take rufa wa asiri. In kuma babu lamba ko ɗaya amma na'urar ta nuna gwaje-gwajen kwamfutar ba su kammala ba, to ba da jimawa ba aka goge lambobin ko aka cire kan batir. Ka yi tafiya mai ɗan nisa da ita a sake jonawa.

Ta fannin ƙarko, injin sarƙa yake amfani da ita maimakon bel na taimin, don haka babu fargabar tsinkewa a hanya. Abin da aka san dangin 1ZZ da shi shi ne shan baƙin mai. Ya fi tsanani a na 1998 zuwa 2002, inda ƙananan ramukan da mai ke komawa ta jikin fistin ke toshewa, ringi ya maƙale. An gyara ƙirar fistin daga baya, shi ya sa 2006 zuwa 2008 suka fi kwanciyar hankali ta nan. Amma kowace shekara ce, in an riƙa jinkirta juye, za ta kamu. Ka buɗe murfin baƙin mai ka haska da tocila: ƙarfe mai launin zuma alama ce mai kyau, baƙin dasƙararren datti kuwa ka san an wulaƙanta ta. Farin kumfa kamar madara a ƙasan murfin, ko kumfa na tasowa a bakin lagireto in an tayar da injin da sanyi, na nuna gasket ɗin kan inji ya ƙone. Ka sa wani ya taka totur bayan ta daɗe a silo, kai kana baya: shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Mai son tabbaci ya sa a auna matsin silinda. Kada ko ɗaya ta gaza 145 psi, kuma tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce 15. Ɗan yoyon mai ta bayan inji ɓangaren fasinja sau da yawa zoben robar abin ɗaure sarƙa ne, ba abin fasa ciniki ba ne.

Baƙin man da kamfanin ya rubuta mata 5W-30 ne, kusan lita 4. Mai kaurin nan 20W-50 da ake zuba wa kowace mota yana jinkirin isa kan inji da safe, yana ƙara wa injin nauyi, ga kuma na'urar VVT-i, mai daidaita lokacin buɗewar bawul, da da matsin mai take aiki ta wata 'yar mitsitsiyar matata mai saurin toshewa. Ana sa shi ne don ɓoye hayaƙi da ƙarar inji mai gajiya, don haka in mai motar ya ce "ita kauri take so", ka ƙara buɗe ido. A ƙurarmu, juye duk kilomita 5,000 ya fi aminci. Filogi na iridiyam ne, Denso SK16R11 ko NGK IFR5A11, kuma jabunsu sun cika kasuwa. In farashin ya yi arahar da ta ba ka mamaki, ba shi ba ne.

Giyar atomatik ɗin tsohuwar ƙira ce mai haƙuri. Man Toyota T-IV take sha. Ka zaro sandar aunawa bayan ta ɗumama: ja ko ja mai ɗan duhu ya yi, baƙi mai ƙaurin ƙuna bai yi ba. Daga P zuwa D ko R ta shiga ba dogon jira, ba duka. Illarta dai giya huɗu ce kacal, in ka wuce kilomita 120 a awa injin zai cika maka kunne, man kuma ya fara zurarewa.

Akwai kiranye biyu, wato kiran da kamfani ya yi a dawo da motoci a gyara, da ya kamata a bincika da lambar shasi. A 2010 Toyota ta kira Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya a Arewacin Amurka saboda tsagewa a allon kwamfutar inji, abin da ke sa mota ta mutu tana tafiya ko ta ƙi tashi. Sai kuma jakar iska ta ɓangaren fasinja, ƙirar kamfanin Takata, wadda ke iya tarwatsewa da gutsattsarin ƙarfe, zafi da laima kuma su ke ƙara haɗarin. Ana sa lambar a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, a ga ko an yi gyaran. Lambar nan dai ita za ta faɗa maka shekarar gaskiya: ta goma a jerin, 3 na nufin 2003, 8 na nufin 2008. Wannan na da amfani, don ana sauya wa 2003 fitilu da bamba a sayar da ita da sunan 2007. Mitar tafiya kuwa kada ka dogara da ita. Ta Amurka mil take ƙirgawa, ta Kanada kilomita, ana mayar da ita baya cikin sauƙi, kuma a wannan ƙirar takan tsaya cak a 299,999. Cinyewar robar birki da totur da santsin sitiyari sun fi ta gaskiya.

Ƙafa ba ta da rikici: shokozoba, bushin, tayarod, duk akwai su a Ƙofar Ruwa da Panteka, sabo da na Beljiyam. Abin da ba ya gyaruwa da araha shi ne tsatsar ƙasan motar da ta fito daga yankunan da ake zuba wa titi gishiri lokacin ƙanƙara, da motar da ambaliya ta shanye. Ka ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba ƙusoshin kujeru da ramin safaya.

Ba ta rasa naƙasu. Dogon mutum ba ya jin daɗin zaman tuƙinta, don sitiyarin ba ya matsowa. Da yawa ba su da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, birkin baya kuma na ganga ne. Sunanta ya sa farashinta ya wuce shekarunta, ya kuma sa ɓarayi na sonta. Wanda ya ga an tsawwala masa ya duba Pontiac Vibe ko Toyota Matrix na shekarun nan masu jan ƙafar gaba kawai, ban da Vibe GT da Matrix XRS: injin ɗaya ne, but ya fi girma, shan man ya ɗan ɗara kaɗan.

Tsakanin 'yar Kwatano da ta hannu, wadda ba ta daɗe da sauka ba ta fi yiwuwar zuwa da tamostat da indominta, amma ta hannun da mutum ɗaya ya riƙe yana juye a kan lokaci ta fi 'yar waje da aka tsamo daga hatsari. Ko wacce ce, a tantance takardun kwastan, lambar shasin da ke kansu ta dace da ta jikin gilashi da ta ƙofar direba. Sannan a ware kuɗin sabis na farko cikin lissafin saye: baƙin mai da matatarsa, matatar iska, filogi huɗu, tamostat, ruwan lagireto na gaske ba na famfo ba, man giya kusan lita 3 in zubarwa da cikawa za a yi, da iskar taya 30 psi. Bayan haka ka cika tanki har famfo ya katse da kansa, ka mayar da ƙaramar mita sifili, ka yi zirga-zirgarka, ka koma famfon nan ka sake cikawa. Kilomitar da ka yi, ka raba da litar da ta shiga. In mil mitar ke ƙirgawa, ka fara ninka ta da 1.6.