Sukuk na Gwamnatin Tarayya: jarin da ake gani a kan kwalta

Na sayi takardun Sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci, a karon farko da aka fitar da su, cikin watan Satumba na 2017, na kuma riƙe su har wa'adinsu na shekara 7 ya cika a 2024. Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, shi ne ya nemi Naira biliyan 100 a wancan karo, aka raba kuɗin daidai tsakanin shiyyoyin ƙasar 6 domin aikin manyan hanyoyi 25, ciki har da tagwayen hanyar Kano zuwa Maiduguri da hanyar da ta kewaye Kaduna ta gabas.

Tsarin na ijara ne, wato mai jari yana da kaso a hanyar da aka gina, gwamnati kuma tana biyansa kuɗin haya sau biyu a shekara maimakon kuɗin ruwa. Hayar karon farko kashi 16.47 cikin 100 ce a shekara, kuma ta riƙa shigowa asusuna a kan lokaci. Da Naira dubu 10 ma mutum zai iya shiga, abin da ya ba malamin makaranta da mai ƙaramin shago damar da a da ake ganin ta manyan 'yan kasuwa ce.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bambancinsa da sauran jarin da ake kira na kyautata al'umma. Akwai asusun hannun jari na halal, wanda aikinsa tacewa ne: yana kauce wa kamfanonin giya da caca da bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa, sai ya sayi abin da ya rage. Akwai kuma wanda ke auna kamfani da ma'aunin muhalli da zamantakewa da tsarin shugabanci, galibi don kare kuɗin mai jari daga asara. Duka biyun suna da amfaninsu, amma idan ka sayi hannun jari a kasuwa, kuɗinka yana komawa ne aljihun wanda ya sayar maka, babu sabon abu da aka gina da shi. Zuba jari mai tasiri, sunan da ya fito daga wani taro da Gidauniyar Rockefeller ta shirya a Bellagio ta ƙasar Italiya a 2007, yana da sharuɗɗa daban, domin dole ne a ƙuduri niyyar samar da wani amfani takamaimai tun farko, a auna shi, sannan a samu riba. Sukuk ya cika sharaɗin niyya sarai, domin an ɗaure kuɗin da hanyoyi masu suna, har matafiyi yana ganin allunan da ke nuna sashen da aka yi da kuɗin Sukuk.

Ta fuskar awo ne nake ganin da sauran aiki. Bayanan da ake fitarwa sun fi ƙirga kilomita da gadoji, alhali abin da mai neman tasiri yake son sani shi ne ko haɗura sun ragu, ko tumatirin manomi yana isa kasuwa kafin ya ruɓe, ko kuɗin mota ya sauka. Haka kuma hayar da ake biya ba ta dogara da ingancin hanyar ba, don haka babu abin da zai tilasta wa mai jari ya bi diddigin aikin in ba kishinsa ba.

Sai batun hauhawar farashi, wanda ya haura kashi 30 cikin 100 a 2024, ya kuma cinye darajar uwar kuɗin da ta dawo mini a shekarar. Sukuk ɗin da aka fitar a 2025 ya zo da haya kashi 19.75 cikin 100, wanda ya fi na baya. Wanda kuma yake tunanin zai buƙaci kuɗinsa kafin wa'adi ya sani cewa sai ya bi ta hannun dillalin hannun jari ya sayar a kasuwa, kuma farashin ranar zai karɓa.